Tankin Hanyar Buza

"Inna, mi yas sa Baba ka kuka, shi da ba wanda yab buge shi?"

Lalla ce ta jefo tambayar, ɗiyata mai shekara huɗu, a gaban surukata. Ubanta na zaune a inuwar rumbu, na ɗaure masa idanu da tsumma mai sanyi, hawaye na bin gemunsa.

"Ba kuka ba ne," na ce mata. "Wuta yak kalla saboda mu."

*

Shekarar da maigidana ya komo daga soja, aikin dole bai ƙare ba. Ana fasa duwatsun hanyar Madawa zuwa Buza, mazan garinmu Azarori na can da diga. Ruwansu wata tsohuwar mota ke kai musu cikin tanki, har ranar da tankin ya rabu da gindinsa. Sai gardi, dogarin Anasara, ya zo ya ƙirga mata ashirin da za su riƙa kai ruwa a ka, tafiyar yini. Ina cikinsu, da jariri ɗan wata uku a baya.

Aka tara mu da tulunanmu a filin garejin Madawa. Shef ɗin aikin, wani Anasara, ya riga ya gwada ɗinke tankin da injin wutar da aka kawo bayan yaƙi. Duk inda ya bi ya bar rami, don tol ɗin tankin, wato ƙarfen jikinsa, bai fi kaurin faifai ba, gindin kuwa ya kai kaurin tafin hannu.

Maigida ya biyo mu a ƙafa. Ya tsaya gaban shef, ya sara masa irin ta soja.

"A Dakar ni koyi aikin ga. In na ɗinke shi, matan ga su koma gida?"

Gardi ya tuntsire da dariya, ya kira sunansa. "Jima, ɗan manoma, yaushe ka zama maƙeri?"

"Ran da kaz zama Anasara," in ji shi. Mata suka rufe baki da gyale.

Shef ya yarda, amma hular kare ido mai baƙin gilashi ya ce tasa ce, ba a aronta. Ya sa ta a akwati ya kulle. Maigida ya tsinci ɓallin kwalba, ya turara shi da hayaƙin fitila har ya yi baƙi, don ya kare ido da shi.

Na riƙe masa riga. "Malam, bari. Ni iya ɗaukar tulu."

"Ke iya. Yaron fa? Juya ma wutar baya, kak ya ga hasken."

Na juya, amma ina leƙe ta gefen ido. Bai ja wutar a miƙe ba yadda shef ya yi. Sai ya kafa tsinken wutar a kan ƙarfe mai kauri, ya bari ya narke, sannan ya ɗan lasa wa tol ɗin ya ɗauke hannu. Ɗigo nan, ya tsallake taki guda, ɗigo can. Ya jira ja ya dushe, ya kankare ƙurar, ya komo ya cike tsakani. Ramukan shef ma ya yi musu faci ɗaya bayan ɗaya. Tun hantsi har la'asar, tartsatsi na cin hannun rigarsa.

Aka cika tankin. Muka durƙusa muna duban ƙarƙashi. Ƙasa ta zauna a bushe. Goggo Cima, babbarmu, ta rangaɗa guɗa har jakunan kasuwa suka amsa. Muka komo Azarori da tulunanmu wayam, ni a gaba, kaina a sama.

*

Kwana uku ya yi kamar an zuba masa yashi a ido. Na dama ya warke. Na hagu har yau hazo yake gani, in zai ɗauki buta sai ya lalubo. An ce Kumandan, babban Anasaran Madawa, ya yaba wa shef bisa gyaran tankin. Ba wanda ya zo ya tambayi maigida.

Ni dai na san hannun da ya yi aikin, kuma duk macen da ta kwana a ɗakinta a shekarar nan ta sani.

Kai mai karanta wannan, in aka miƙa wa naka wuta aka hana shi abin kare ido, tsaya a gabansa, kada ka matsa, komai daɗin yabon da ake masa. Masu yabon za su watse kafin magariba. Kai za ka riƙa jiƙa tsumma.