Makullan Baban Sito

Motar Baban Sito ta girmi 'yarsa da shekara biyu, ta kuma fi ta taurin kai. Iyakwandishan ɗinta ba lalacewa ya yi ba, ranar aiki yake zaɓa. Yau ya huro sanyi har ka nemi bargo, gobe a tsakiyar titi ya ɗauke ɗif, ya bar mutum yana dahuwa da ransa.

Don ta shi, da ya sauke gilashi ya huta. To amma 'yar tasa ta haihu, gobe da rana za a sallame ta daga asibiti, ta kuma yanke hukunci ta waya: "Baba, in babu sanyi, ba zan sa jariri a tandar nan taka ba. Yayan mijina zai ɗauko mu." Jikan fari a motar wani! Maganar ta tsaya masa a ƙirji.

Wannan ne zuwansa gareji na huɗu. Kullum sai ya zare makullin motar daga dunƙulen makullansa, ya miƙa wa bakanike shi kaɗai, ya soke sauran a aljihu. Shekara talatin yana riƙe da sito a ma'aikata bai taɓa ba kowa makullansa ba, ritaya ba za ta koya masa sakaci ba. Bakanike ya ƙara gas, ya sake fiyus, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Motar kuwa, munafuka, a hannunsa sanyi take zubawa kamar firji.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Ko daga jikinka zafin yake?"

"I, ni na lalace. Sai ka ɗura mini gas ɗin."

"To yau kai za ka tuƙa, ni in zauna a gefe."

Baban Sito ya mayar da makullin cikin 'yan'uwansa, ya tayar da mota. Ba su yi nisa ba suka faɗa gargada, makullai suka ce kacau, sanyi ya ɗauke. Tunda yake bai taɓa murna da lalacewar abu irin ta ranar ba.

"Ka gani ko? Maƙaryaci ne ni?"

Bakanike ya sunkuyo wajen sitiyari. Ya miƙa hannu ya tallafi dunƙulen makullan, sanyi ya dawo. Ya saki, ya ɗauke. Ya sake tallafa, ya dawo.

"Ramin makullin ne ya tsufa. Nauyin nan ke janyo makullin baya kaɗan, sai wuta ta yanke. Baba, makullai ne waɗannan ko guduma? Ƙofa nawa gare ka?"

"Wannan na gida. Wannan na ɗakina. Wannan na babban sito, wannan na ƙaramin, wannan na ɗakin tayoyi..."

"Ba ka yi ritaya ba?"

"Shekara takwas."

"Ai kuwa tuni sun canja kwaɗo."

Ya sani. Ya taɓa komawa gaisuwa ya ga sababbin kwaɗuna suna ƙyalli, mai gadi har yana tambayarsa wa yake nema. Amma muddin yana jin nauyin nan a aljihu, gani yake har yanzu akwai abin da aka ba shi amana. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya biyo baya. A gefen titin ya zare makullai goma sha ɗaya, ya zuba su a akwatin gaban mota.

Washegari ya tsaya ƙofar asibiti da makulli ɗaya tal, hannunsa sai komawa yake kan aljihun da ba komai. 'Yar ta leƙa cikin motar, sanyi ya bugi fuskarta.

"Ikon Allah! Me aka canja mata?"

"Kaya aka rage mata."

Ta miƙa masa jaririn don ta gyara zama. Yaron da nauyinsa, tubarkalla.

"Riƙe shi da kyau, Baba."

Ya ƙara matse shi a ƙirji, ya harare ta.

"Ni za ki koya wa riƙo?"