Gidan Baba a Jikin Bango

Tana cikin haɗa wayar majigi da kwamfutarta ta ji ɗakin ya yi tsit. Ta ɗago. Kawu ne, yayan mahaifiyarta, ya shigo da ƙarti biyu a bayansa, ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerar gaba.

Kawu ko saƙon waya sai an karanta masa, me ya kawo shi taron masu rubuta manhaja?

A ƙungiyar ana kiranta Mai Makulli, don ita ce mai karɓa ko ƙin duk gyaran da aka kawo. Manhajar tasu ta masu ba da jini ce, kyauta, kowa yana iya duba cikinta ya gyara. Sunayen mutane dubu uku da adireshinsu ne kawai ke kulle a hannunta, asibiti kaɗai take ba wa. Duk wata suna haɗuwa a wannan ɗakin da ke saman shagon ɗinki, su wajen arba'in: ɗalibai, ma'aikatan jinya, masu gyaran waya. Babu wanda ya taɓa tambayar wani daga ina yake.

Amma bana gari ya lalace. Tun da zaɓe ya matso, jam'iyyar Kawu ta tsiro da maganar 'yan gida da 'yan tsallaken kogi. Makon jiya aka shafa jan fenti a ƙofofin shaguna shida, kwana biyu bayan nan aka ƙone biyu.

Al'adar taron ita ce a haska kowane gyara a bango da sunan mai shi. Na farko na Dogo ne, mai gyaran waya, wanda iyayensa suka ƙetaro kogi shekara talatin da suka wuce. Ya ƙara girman rubutu saboda tsofaffi.

"Saboda idonka dai," in ji wata ma'aikaciyar jinya. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Ta buɗe na biyu. Sabon gurbi ne a kan kowane suna: Asali. Zaɓi biyu, Gida ko Tsallake. A ƙasa ga sunan mai gyaran, Auta, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ita ta koya masa wannan aikin. Wata uku ke nan yana tuƙa motar Kawu.

Suna, adireshi, asali. Ko ba a faɗa ba, kowa a ɗakin ya san inda za a kai jan fenti. Dogo ya saci kallon ƙofa, ya tarar ɗaya daga cikin ƙartin ya koma can ya jingina.

"'Yata," Kawu ya ce cikin fara'a, "an ce ke ce mai danna maɓalli. Danna mana. Ƙidaya ce kawai, mu san namu."

"Jini ai bai san kogi ba, Kawu."

"Ke dai danna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Tsoro take ji. Ba ta da abin kare kanta sai dokar da suka rubuta a kwali tun ranar farko, suka manna a bango, har ta koɗe.

"Muna da ƙa'ida," ta ce. "Mai gyara shi ke fara gwada abinsa a gaban kowa. Auta, taso."

"Yaya, ai na gwada a gida."

"A gaban kowa aka ce."

Kawu ya ɗaga masa hannu, alamar ya je a gama. Auta ya taso yana goge hannu a wando, ya zauna a kujerarta, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ba a yin gwaji da sunan mutanen da ba su ba da izini ba. Suna ɗaya ake amfani da shi tun farko, na mutum na farko da ya yarda a saka shi lokacin da manhajar ba ta fi shafi biyu ba. Auta ya danna, shafin ya cika bango.

Hoton Baba ne, mahaifinsu, da tsohon tabaransa mai ɗaurin zare. Ya ba da jini sau goma sha tara. Ga layinsu, ga lambar gidansu, har da bayanin da ita ta rubuta da wasa: ƙofa mai ruwan ƙasa, a buga da ƙarfi, mai gidan ba ya ji sosai. A ƙarƙashi sabon gurbin yana jira, fanko.

Baba a tsallake aka haife shi. Kowa a dangi ya sani, an dai daina faɗa ne.

"Sa masa Gida," Kawu ya ce. "Wannan namu ne, mijin ƙanwata ne."

"Ni ma a sa min, tunda alfarma ake yi," in ji Dogo.

"Idan ya sa ƙarya, gwajin ya faɗi," ta ce. "Idan gwaji ya faɗi, ba a karɓar gyara. Ba ni na ce ba, ga shi can a kwali."

Auta ya kai kibiyar kan Tsallake. Tun kafin ya danna, layin adireshin ya rikiɗe ja, kamar yadda shi da kansa ya tsara. Lambar gidansu ce ja a bango, girmanta ya kai kan mutum. Fanka na juyawa, keken ɗinki na ƙara a ƙasa.

"Kai, danna mana!" ɗaya ƙaton ya daka tsawa.

Auta ya janye kibiyar a hankali, ya kai ta can ƙasa, ya danna inda aka rubuta Na janye gyarana.

Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya kalle ta.

"An ce abin naku kyauta ne, kowa na iya ɗauka."

"Manhajar kyauta ce. Mutanen ba kyauta ba ne."

"Za mu yi magana a gida," ya ce. Ya miƙa wa Auta hannu, Auta ya ajiye masa makullin mota a ciki.

Ba a ci gaba da taron ba. Ma'aikatan jinya uku suka sa Dogo a tsakiya suka raka shi. Ita kuwa ta ɗan zauna a matakala. Auta ya karɓi jakar kwamfutar ya rataya a ƙirji, suka bi ta bayan kasuwa, tana waiwaye duk taku goma.

Sun tarar da Baba a ƙofar gida yana gyara ɗaurin tabaransa. Ta tsaya tana duba ƙofar daga sama har ƙasa. Ruwan ƙasa ce har yanzu.

"Yau ma da ni kuka yi gwajin naku?" ya tambaya da ƙarfi, irin na marasa ji.

"Da kai, Baba," in ji Auta.

"To, me kuka ƙara min?"

Auta ya ƙara rungume jakar.

"Ba komai. Kana nan yadda kake."