Kuɗin Jinyar Ursu

Viorica ta daɗe tana biya wa karenta Ursu inshorar lafiya, har ɗanta Octavian ya hana ta. Ya ce kamfanonin nan cuta ce kawai, ta riƙa ba shi kuɗin duk wata yana ajiye mata.

Ranar da Ursu ya haɗiye ƙwallon wani ɗan itace da ake kira fulam, wani likitan dabbobi a birnin Cluj ya ce sai an yi masa tiyata. Ta kira Octavian, ya zo yana kaɗa makullin mota.

"Mama, kuɗin nan fa na sa su a gyaran mota," in ji shi. "Kuma karen ya tsufa. A yi masa allurar da zai huta gaba ɗaya, ni zan samo miki wani ƙarami."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni ma na tsufa," ta ce. "Matsa ka ba ni wuri."

A ranar ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, aka yi tiyatar. Ursu ya warke. Motar Octavian kuwa, ba ta sake shigarta ba.