Na'urar da Ba Ta Janye Magana

A shekarar da sojoji suka riƙe ƙasa da alkawarin miƙa ta ga farar hula, kowa a Gidan Runji da kewaye ya koyi cewa yana da 'yancin magana, kuma ba wanda ya bar nasa ya kwana. Malam Sanda, sakataren wata ƙaramar meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, a yammacin yankin, shi ne ke buga duk abin da 'yancin ya haifa.

Ordinatar ɗin buron, wato kwamfutar ofishin, kyauta ce daga wata ƙungiya da ta daɗe da tattara kayanta. Manhajar rubutun da ke ciki tana da tsohon aibi. Haruffa tana karɓarsu bisa jerin Faransanci, amma gajerun umarni tana jin su bisa jerin Ingilishi. Idan mutum ya danna kontrol da Z don ya janye abin da ya rubuta, sai ta ɗauka W ya danna, ta rufe takardar ba tare da tambaya ba, duk abin da ba a adana ba ya tafi. An kai rahoto Maraɗi tun zamanin tsohuwar gwamnati, aka ce ana nazari. Sanda ya san aibin sarai. Yatsunsa ne, da suka yi horo a kan wata na'urar, suke mantawa idan ya gaji.

Ranar kasuwa ce, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Maigari Ɗanasabe, shugaban manoma, da Ardo Gado, shugaban makiyaya, sun zo da mutanensu a rubuta yarjejeniyar burtalin da shanu za su bi zuwa tafki. Idan suka watse ba su dangwala yatsa ba, gobe manoma za su shuka burtalin, Ardo kuma zai koro shanunsa ta ciki. Sanda ya ga irin wannan bara, shi ya buga rahoton waɗanda aka kwantar asibiti, kuma ba ya sha'awar sake buga wani.

"Rubuta daga tsamiya zuwa tafki," in ji Ardo.

"Wace tsamiya? Tsamiyar kakana?" in ji Maigari. "Goge, Malam. Sa daga gawo."

"Kai Kaɗo, gawon da kunka sare kunka yi turmi da shi?" in ji Ardo.

"To ai kututturen na nan. Shanunka ba su san kututture ba?"

Sanda ya rubuta tsamiya, ya goge, ya rubuta gawo. Ardo ya ce a mayar da tsamiya. Yatsun suka yi abin da suka saba, allon ya koma fari fat. Aikin safiya duka ya tafi.

Bai yi salati da ƙarfi ba. Ya cire tabarau, ya murza idanu, ya sake farawa daga sunan jamhuriya da ke saman takardar. Wannan karon yana adanawa, amma da aka zo kan faɗin burtalin mutum biyar suka tsaya a kansa suna magana tare, wani ma yana nuna allon da sanda. Maigari ya ce a janye jimlar. Allon ya sake yin fari, ya tafi da sakin layi uku.

Sanda ya jingina da kujera. Injin wutar da ke waje ya fara tari, alamar mai ya kusa ƙarewa.

"Ardo, Maigari, ku ji," ya ce a hankali. "Wagga na'ura ba ta janye magana. Duk wanda ya ce a goge, sai ta goge duka, mu koma daga bismilla. Ku kun gani da idonku."

"Mi ya same ta?" in ji Maigari.

"Haka anka kawo ta. Mun kai ƙara, ana nazari."

Ba gaskiya ba ce cikakkiya, domin akwai maɓallin da ke goge harafi ɗaya-ɗaya lafiya lau. Sai dai ba wanda ya tambaye shi, shi kuma ya daɗe da barin amsa abin da ba a tambaya ba.

Ardo ya leƙa sama ta taga. Maigari ya tuna irin geronsa yana kasuwa, a hannun mai amalanke.

"To kafin ka buga, bari mu gama faɗanmu a baki," in ji Ardo.

Suka fita gindin bango. Sanda yana jiyo su, ana ambaton kakanni da turmi, har muryoyin suka sauka. Da suka dawo, Maigari ya faɗi jimlar, Ardo ya maimaita ta, sannan Sanda ya buga: burtali zai fara daga tsakanin tsamiya da kututturen gawo. Kowannensu ya ɓata fuska daidai gwargwado. Maigari ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya dubi yatsun Sanda a kan maɓallai, ya rufe.

Takardar ta fito kafin injin ya mutu. Suka dangwala yatsu, Sanda ya buga tampo, hatimin ofis, ya ba kowa tasa. Ardo ya naɗe tasa ya cusa a hula saboda yayyafin da ya fara, suka fita suna gardama kan wanda zai kawo duwatsun alama.