Kayan Dakta a Tsakar Rana

Direban ya sauke kwali na ashirin a kan simintin ƙofar gidan, ya share zufa da gefen rigarsa, ya miƙo wa Ilu takarda da biro. Ilu bai karɓa ba tukuna. Da ɗan Turancinsa ya sake gaya masa cewa ranar Asabar aka ce za a kawo kayan, yau kuwa Laraba ce, kuma masu gidan ba sa nan. Direban ya nuna masa inda aka canza ranar. Ilu ya roƙe shi ya taimaka ya kai su ɗakin ƙasa, matakala goma sha biyu ce kawai ta bayan gida. Mutumin ya ce ba a yarda ya sauka matakala da kaya ba, kuma gidaje bakwai suna jiran sa. Ilu ya sa hannu, motar ta juya ta fita.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ne, a tsakiyar watan Yuli. Babu itace ko ɗaya a gaban gidan, sabon gini ne.

Ilu kafinta ne, mutumin Jos, shekararsa shida a Amurka. Mai gidan, Dakta Gregory, likitan tiyata ne, shi ma mutumin Jos, kuma Ilu ne yake gyara masa gidajen hayarsa na Hyattsville. Dakta ne ya tsaya masa a neman takardar zama. A watan Satumba za a kira Ilu ganawa a ofishin shige da fice, in ta yi kyau matarsa Haula da yara su taho, in Dakta ya janye hannunsa shi ke nan.

Wata uku Ilu ya yi yana gina ɗakin ƙasan. Dakta yana son ma'ajiyar giyar inabi a ƙarƙashin sabon gidansa da ke bayan Sterling, domin kwalaben da ya shafe shekara ashirin yana tarawa suna zaune a wani sito na haya, su ne kuma yau aka kawo a cikin kwalayen nan. Ilu ya rufe bangon da abin tare zafi, ya sa ƙofa mai roba a baki kamar ta firiji, ya yi kantoci da jan katako, ba fenti ba komai, saboda Dakta ya ce wari yana ratsa toshiyar kwalba. Kowace kwalba da raminta, a kwance za ta zauna don kada toshiyar ta bushe. Shi kansa ya san bai taɓa yin aiki mai kyaun wannan ba, hakan ma yana cikin abin da yake damun sa.

Tun yana yaro ya ji cewa an la'anci mai matsa giya, da mai sayar da ita, da mai shan ta, da mai ɗaukar ta. Kafin ya karɓi aikin ya lissafa su a zuci, bai ga kafinta a ciki ba. Don haka ya ja wa kansa layi: zai yi katako, amma hannunsa ba zai ɗauki kwalba ba. Ya faɗa wa Dakta haka, Dakta ya yi dariya ya ce ba wanda zai sa shi. Dakta ne kuma ya koya masa cewa babban maƙiyin kayan nan zafi ne. Awa biyu ko uku a rana irin wannan, sai abin da ke ciki ya kumbura ya turo toshiyar, ya dahu, ba ya gyaruwa.

Ya kira Dakta, waya a kashe. A asibiti aka ce yana ɗakin tiyata sai ƙarfe huɗu. Ya kira matar Dakta, Madam Chundung, sau uku, tana ƙara ba a ɗauka. Gareji a kulle, makullin ƙofar baya ta ɗakin ƙasa kaɗai gare shi. Ya ɗora tafin hannunsa a saman kwali na sama, har ya fara ɗumi.

Sai ya kira Malam Bashar, mutumin Damagaram da yake aiki a gidan rediyo, wanda suke ɗaukar karatu wurinsa ranar Lahadi. Bayan gaisuwa ya zayyana masa komai.

"Tun ranar farko na ce maka aikin nan ba zai tsaya a katako ba," in ji Malam Bashar.

"Ka faɗa, Malam. To yanzu fa?"

"Yanzu ka san hukuncin. Mai ɗauka yana ciki."

Ilu ya tambaye shi batun amana, mutum ya bar ka da gidansa, dukiyarsa tana lalacewa a gabanka kana kallo. Malam Bashar ya ce wannan tambaya ce mai son zama, shi kuwa nan da minti biyar zai shiga karanta labarai. Ya yi masa addu'ar Allah ya fisshe shi, ya kashe wayar.

Ilu ya zagaya kwalayen sau biyu. Yana ganin fuskar Dakta ƙarfe huɗu, ba faɗa zai yi ba, shiru zai yi, irin shirun da yake yi kafin ya sallami ɗan haya. Yana kuma ganin kansa rungume da kwali yana sauka matakala, mutuwa ta same shi a haka. Bai san wanne ya fi tsoro ba.

Can sai dabara ta faɗo masa. Rufewa ba ɗauka ba ce. A gida, in ana son ruwan tulu ya yi sanyi, jiƙaƙƙen buhu ake naɗa masa a bar iska ta yi aikinta, haka uwarsa take yi har da kunun zaƙi na sayarwa. Ya ɗauko manyan barguna huɗu da yake rufe katako da su, ya lulluɓe kwalayen, ya jawo tiyon ban ruwan fulawa ya jiƙa su sharkaf. Duk bayan minti goma sai ya ƙara. A karon farko tun da motar ta tafi ya ja numfashi sosai, har ya ce alhamdu lillahi.

Wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare ta tsaya a bakin titi tana kallon sa, baƙin mutum mai gemu yana yi wa tulin kaya wanka a gidan da ba kowa. Ya ɗaga mata hannu, ba ta ɗaga ba. Da ta wuce ya kasa kunne yana jiran jiniyar 'yan sanda, ba ta zo ba.

Wajen ƙarfe ɗaya ya zura hannu ƙarƙashin bargo don ya ji sanyi. Abin da ya ji shi ne turiri. Iskar garin nan ba ta Jos ba ce, ita kanta a jiƙe take, ba ta shan ruwan komai. Bargunan sun zama kamar murfin tukunyar dambu. Ya yaye su da sauri. A kusurwar kwali na sama akwai jan tabo, kamar faɗin tafin hannu, yana yaɗuwa a hankali.

Bai yanke shawara ba, shi dai ya ga hannuwansa sun kama kwalin. Ya ɗaga, sai gindin ya ɓalle kamar jiƙaƙƙen burodi. Kwalabe suka zube a kan na ƙasa, ɗaya ta gangara ta fashe a siminti, ta wanke masa ƙafa da bakin wando. Warin ya taso, mai tsami da zaƙi. Ya tsaya yana kallon ƙafarsa, yana salati a hankali.

Duk kwalayen haka suke, ba wanda zai ɗagu. Da ya ɗauka tun farko, sau ashirin zai yi, kwali yana tsakaninsa da su. Yanzu sai ɗaya bayan ɗaya.

Ya zazzage bokitin kayan aikinsa, ya riƙa jera shida-shida. Kwalaben da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Takardun da ke jikinsu, masu ɗauke da suna da shekara, wasu suna saluɓewa a tafinsa, ya manna su yadda ya iya, wasu ya rasa tasu wace ce. Ya sauka, ya tura ƙofar da kafaɗa, sanyi ya buge shi, ya kwantar da kowace a raminta da hannunsa. Suna shiga daidai, ba ƙari ba ragi, gwajinsa bai kuskure ba. Ya hau, ya sake cikawa. Da farko yana istigfari a kowace sauka. Daga baya numfashi ya gagare shi, sai ƙirga kawai yake yi. Azahar ta shiga yana ji a jikinsa, ga wando da najasa, bai tsaya ba.

Yana kan sahu na talatin da tara motar Madam Chundung ta shigo. Ta fito ta tsaya, jakarta a hannu, tana kallon tarkacen kwalaye da kwalbar da ta fashe. Ya gaishe ta, ya fara bayani, kalmomin suna karo da juna. Ta bi shi har ƙasa, ta leƙa ɗakin, ta ga kantocin sun cika, sannan ta zauna a matakalar ƙarshe.

"Malam Ilu, kai ka kwashe su? Da hannunka?"

"Ni ne, Madam. Na yi ta kiran ki."

"Na gani."

Ta ajiye jakar a cinyarta. Ba tare da ta dube shi ba ta ce ita ta kira sito ta canza ranar. Ta ce burukutu ne ya kashe mahaifin Dakta, ita ta yi jinyarsa, ta ga yadda cikinsa ya kumbura. Shekara ashirin tana roƙon Ubangiji kada kayan nan su kwana ƙarƙashin rufin da 'ya'yanta suke. A cocinsu ma ba a sha. Ta ce ba za ta iya fasa su da hannunta ba, sai ta ga gara rana ta yi mata.

"Na zaɓi ranar da kai kaɗai ne a gidan," ta ce. "Na san kai ba za ka taɓa ba."

Ilu ya jingina da bango. Zufar jikinsa ta yi sanyi, ya fara rawar ɗari.

"To Madam, da sun lalace, wa za a ce ya bari?"

Ya ga a fuskarta alamar ba ta taɓa kai tunaninta nan ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro a kan a ce ta kai.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Dakta ne, ya fito da wuri, ya ga kira. Madam Chundung ta ɗago ta zuba masa ido, ba ta roƙe shi komai ba.

Ya gaya wa Dakta kaya sun zo, suna ciki, ɗaya ta fashe, biyu sun yi yoyo, takardun da yawa sun lalace, kuma shi ne ya jiƙa su da rashin sani. Dakta ya tambaya wane sakarai ne ya turo mota ranar Laraba. Ilu ya ce shi dai mota ya gani a ƙofa. Sannan Dakta ya tambayi wanda ya shigar da su, Ilu ya faɗa masa.

"Kai? Bayan abin da ka gaya mini?" Muryar Dakta ta sauka ƙasa. "Malam Ilu, ba zan manta da wannan ba. Allah ya saka maka da alheri."

Ilu ya riƙe wayar a kunnensa. Duk rayuwarsa ba a taɓa yi masa addu'a ya rasa amsa ba. Dakta yana jira, Madam tana jira.

"Saura shida a waje, Dakta," ya ce. "Bari in kwaso su."