Ranar da Aka Karrama 'Yar Tambaya

Baba ne ya laƙaba mata 'Yar Tambaya. Matashiya ce mai bincike a kan cutar mantuwa, ba ta daɗe da gama karatu ba. Duk Talata takan zo gidanmu da jakarta, ta ja kujera kusa da shi.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Ke ba ku da kalanda a gidanku?"

Baba tsohon makanike ne, mai baki kamar rediyo, amma cutar ta mai da shi shiru-shiru. Mu 'ya'yansa mun riga mun sallama. In an yi masa magana bai tanka ba, sai mu ce ai ciwon ne. Ita ce ta lura in ta zauna ta hagunsa yana amsawa, in ta damansa kuwa ko uffan. Ta sa aka duba kunnensa, aka ba shi na'urar ji.

"Yaya, wannan ba zai kori mantuwar ba," ta gaya mini. "Amma zai ji ku."

Ya kuwa ji mu. Ran nan maƙwabcinmu na ta fama da motarsa, Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ku ce masa filogi ne." Filogin ne kuwa.

Bayan shekara wata mata ta kira ni, ta ce daga kwamitin karrama matasan masu bincike take, ko ina da abin cewa a kan yarinyar. Na yi ta zuba har ita ta ce ya isa.

Ranar bikin muka tafi da Baba ɗakin taron jami'a. Su shida aka karrama, duk matasa, wani ma rigarsa ta yi masa yawa. Baba ya tafa wa kowa. Da aka kira tamu, aka ba ta lambar yabo, ta ce gidaje arba'in suka buɗe mata ƙofa, su ne malamanta.

"'Yar wane ne wannan?" in ji Baba.

"'Yar Tambaya ce, Baba."

Ya girgiza kai, bai tuna ba.

Da aka tashi ta ratso cikin mutane, ta durƙusa gabansa, ta ɗora masa lambar a cinya. Ya dube ta tsawon lokaci.

"Yarinya, ban san ki ba," ya ce, "amma hankalina ya kwanta da ke. Allah ya yi miki albarka."

Na tsara dogon jawabin godiya tun daga gida, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Ƙanwata, mun gode." Ta matse hannuna tana share hawaye.

Wajen tafiya Baba ya rungume lambar, ya rantse tasa ce. Na fara lallashinsa, sai ta yi dariya.

"Bar masa, Yaya. Bari ya kwana biyu da ita, ai da guminsa a ciki."