Man Giya a Gwangwanin Tumatir

Ranar wata Talata a tsakiyar damina, man giyar motar Malam Badamasi ya ƙare a kan hanyar Ƙanƙara, matarsa Lauratu kuma ta mutu kafin azahar.

Motar tsohuwar Landiroba ce da ya saya a gwanjo shekarar da ya bar koyarwa. Tun da hanya ta lalace, masu haya suka daina shiga ƙauyensu da ke bayan Mabai, ita kaɗai ta rage mai iya tsallake rafi da damina. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke dawo da gawa. Mutanen gari suna yi mata addu'a fiye da yadda suke yi wa mai ita, shi ma bai ga laifinsu ba, don ta fi shi daɗin sha'ani.

Aibinta ɗaya, yoyo. Inda farfela, sandar da ke juya tayoyi, ta haɗu da giyabos, wato akwatin giya, mai yana ɗiga a hankali, baƙi-baƙi, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Malam ba mai son kwanciya ƙarƙashin mota ba ne, gwiwarsa ba ta yarda, girman kansa ma haka. Sai ya ƙirƙiro tasa dabarar. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba, yakan tsaya ya leƙa yashin da ke ƙarƙashinta. In tabon ya kai faɗin tafin hannu, to da sauran lokaci. In ya kai faifai, sai ya kira wani ya ɗura mata mai da gora da tiyo. Har alfahari yake yi a majalisa cewa shi ƙasa yake karantawa, kamar yadda yake karanta littafi.

Littattafai kuwa yana da su, kanta guda cike a ɗakinsa: tarihi, fiƙihu, nahawu, har da na kanikanci da wani ɗalibinsa ya kawo masa daga Zariya. Ya karance shi tsaf. Bai taɓa riƙe sifana ba.

Da bazara ya kai motar Ƙanƙara wurin Mani bakanike, aka canza mata sil, wato robar da ke tare man. Mani ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, na sa sabo, amma ƙarfen ya cinye. Ka riƙa buɗe noti kana sa yatsa."

"Yatsana na alli ne," in ji Malam. "In ta yi yoyo ƙasa za ta gaya mini."

Washegari ya leƙa, yashi fes. Jibi ma haka. Makonni suka wuce ba ɗigo ko ɗaya. Malam ya shiga yabon Mani a duk inda ya zauna, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya jefa gorar mai a bayan rumbu.

A wannan lokacin ne gara ta shigo gidan da ruwan farko. Ta ci ƙyauren kicin, ta fara gini a bangon ɗakinsa. Lauratu ta ce a sayo magani. Yana karatu, bai ɗago ba, ya ce garar da ta iya cinye nahawu ta fi ɗalibansa ƙoƙari, a bar ta ta ƙaru. Lauratu ta yi dariya, don ta daɗe da koyon cewa dariya ta fi saurin kashe maganarsa. Ba ta sake tada zancen ba. Daga baya ya riƙa jin warin man giya a ɗakin, ya ɗauka a rigarsa yake.

Ranar Talatar, da hantsi, ta sa hannu ƙarƙashin tarin kara za ta zaro na hura wuta, gamsheƙa ta sare ta a bayan hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ƙofar ɗakinsa tana riƙe da hannun ta ce, "Malam, ka ajiye littafin nan."

Ya sa ta a gaba, ya tada mota. Sun tsallake rafi ruwa har ƙofa, Landiroba ta haye tana tari kamar yadda ta saba. Bayan rafin laka ce mai danƙo, ya sa babbar giya mai jan ƙafa huɗu, ya taka. A nan ya fara jin kukan motar. Da fari siririn fito ne daga ƙarƙashin kujera, sai ya zama gurnani, sandar giya ta yi zafi har ta hana hannunsa zama. Ya san abin da yake ji, yana shafi na tsakiya a littafin Zariya. Ya ci gaba da takawa, don ba shi da abin yi. Wajen wata tsamiya motar ta yi ƙara sau ɗaya, kamar an saki turmi kan dutse, ta ƙame.

Ya sauka, ya kwanta cikin laka a karon farko a rayuwarsa. Giyabos yana hayaƙi. Gindin farfela jiƙe yake da tsohon mai da ƙasa ta manne a kai, yoyon da bai taɓa tsayawa ba.

"Ba mai," ya ce da ya miƙe. "Ko ɗigo. To ina ya tafi? Ƙasa a bushe take tun bazara."

Lauratu ta jingina kai da ƙofa. Fatar idanunta ta fara sauka, tana ɗaga su da ƙyar. Harshenta ya yi nauyi.

"Ni na kwashe," ta ce.

"Kika kwashe mi?"

"Man. Gwangwanin tumatir nake sawa a ƙarƙashinta in ka shiga ɗaki. Kafin ka dawo masallaci na ɗauke." Ta haɗiyi yawu, bai wuce ba. "Ƙafafun kantarka nake shafawa, da bayanta. Gara ba ta son shi. Na ga zuba yake yi a banza."

Ya tsaya yana kallonta, laka na ɗiga daga gemunsa.

"Ka yafe mini, Malam. Ni na kwashe mata mai."

Akwai maganganu da yawa da namiji zai iya faɗa a irin wannan wuri. Malam Badamasi ya shekara talatin yana amsa wa yara da abin da ya fara zuwa bakinsa, kuma kullum mai kaifin ne ke riga sauran isowa.

"To madalla," ya ce. "Littattafai sun gode."

Ta rufe ido. Ba ta yi dariyar ba.

Can sai ga Rabo mai sayen hatsi a kan babur, daga kasuwar Sabuwa zai koma gida. Ya kwance buhunsa ya yar a gefen hanya ba tare da tambaya ba. Suka ɗora ta a tsakiya, Malam ya hau baya ya rungume ta, ya ɗaura ta a jikinsa da rawaninsa.

"Riƙe ta da kyau, Baba," in ji Rabo. "Hanyar ba ta da mutunci."

Babur yana zamewa, yana tashi. Malam yana jin bayanta a ƙirjinsa, numfashinta gajere, yana raguwa. A nan ne, tsakanin gonakin dawa, lissafin ya warware masa, mai sauƙi har ya ba shi kunya. Ya fara shirya maganar da zai gaya mata. Ya ga ta yi tsawo, ya rage. Ya ga iska za ta kwashe ta, ga Rabo yana ji, ya ce bari su isa, in an yi mata allura ta farfaɗo sai ya faɗa mata a natse. Yana cikin gyara jimlar sai kanta ya koma baya ya kwanta a kafaɗarsa da wani irin nauyi. Rufin kwanon Ƙanƙara ya fara bayyana a gabansu.

An binne ta da la'asar. 'Yarsu Shafa'atu ta zo daga Faskari, ta yi kwanakin zaman makoki, ta roƙe shi ya bi ta, ya ƙi. Shanu suka jawo motar gida. Mani ya zo gaisuwa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe baki, ya ga fuskar Malam ya rufe.

Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar gaba. Yanzu mai naƙuda da damina sai dai a ɗauke ta a amalanke. Gara ta ci ƙyauren ɗakinsa, ta ci tabarma, ta ci azarar rufi. Kantar ce kawai ba ta taɓa ba. Ƙafafunta baƙi ƙirin, littattafan lafiya lau, ko kusurwar shafi ɗaya ba ta ɓata ba. Bai sake buɗe ko guda ba.

Gwangwanin kuwa, ya same shi a bayan randa, da ɗan tsumman da take shafawa. Kullum in ya dawo masallaci yakan tsaya inda ya saba, ya leƙa yashi. Jimlar tana nan a bakinsa, ya gama gyara ta tuntuni: Lauratu, man da kika tara ya riga ya bar motar, ba ke kika kwashe shi ba.